Kassian, Mai Sauka a Ƙarshe

Aikin Kassian Trojer yana farawa ne daidai lokacin da na kowa yake ƙarewa. Ƙarfe huɗu saura kwata zai turo ƙofar gidan abincin Burgl, can ƙolin dutse inda kujerun waya, masu rataye a igiyar ƙarfe suna hawa da jama'a, suke sauke mutane, ya buga takalmansa a dokin ƙofa, ya zauna gefen murhu. Ba ya cewa a kawo masa komai. Burgl ta riga ta zuba romon sha'ir da curin burodi biyu a ciki, ta ajiye shayi mai zuma. Idan ya gama sai ya fita ya watsa wa hankakin dutse ɓawon burodi, waɗannan masu rawayen baki da suka fi agogon coci sanin lokaci. Huɗu da kwata kujerun waya su tsaya cik. Shi kuma ya ɗaura katakan da yake zamiya da su a kan ƙanƙara a ƙafafunsa, ya leƙa makewayi da ɗakin ajiya ko wani ya maƙale, sannan ya kama Hanyar Ciyawa yana bayan kowa.

Dokar aikin ɗaya ce tak: kada ya bar ɗan Adam a bayansa. Shekara talatin da bakwai yana riƙe da ita.

Hanyar Ciyawa ita ce mafi sauƙi a dutsenmu, mai shuɗɗan sandunan nuna hanya, ta masu koyo da tsofaffi da waɗanda suka cika ciki a wurin Burgl. Kafin baƙi su san kwarinmu, ta nan iyayenmu suke gangaro da busasshiyar ciyawar shanu. Ina yaro nakan tsaya in ga tulin ciyawa yana tahowa kamar ɗaki ya yi ƙafa, ga mutum ɗan mitsitsi a gabansa yana birki da diddige. Yanzu inji ke fesa ƙanƙarar idan sama ta hana, amma kwanonin hanyar na nan yadda tsofaffi suka bar su. Kilomita biyar ce. Matashi yakan cinye ta cikin minti goma. Kassian kuwa ba shi da lokaci na kansa. Duk wanda ya fi kowa nawa a ranar, lokacinsa ne na Kassian.

Ni da na tsufa ina wanke wa Burgl kwanuka, abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan: mutumin nan shi ne ya fi kowa gudu a kwarinmu. Sau uku a jere yana cin tseren gari tun yana saurayi. Kofin azurfar da aka ba shi yana kan kantar Burgl, cokulan shayi muke zubawa a ciki. Yadda mai irin waɗannan ƙafafu ya ƙare rayuwarsa yana tafiyar hawainiya a bayan matsorata, kuma ba a taɓa jin tsakinsa ba, har yau ban gama tunaninsa ba.

Burgl tana yawan ba da labarin wani ƙaton baƙo daga ƙasar da ba ta da ko tudu, wanda ya zauna a tsakiyar hanya ya fashe da kuka. Kassian ya kwance nasa katakan, ya saɓa su tare da na mutumin, suka sauka da ƙafa yana ta tambayarsa yadda ake kiwon shanu a gefen teku. Gebhard, shugaban ma'aikatan dutse, shi kuma nasa labarin na sanduna ne. A ko'ina taku talatin ake bari tsakanin sanda da sanda. A Kwanar Giciye kuwa, inda gangaren hanyar yake ɗan ƙara tsauri kuma kwari yake hangame baki ta hagu, Kassian taku goma yake bari. Gebhard ya sha yi masa faɗan ɓarnar sanduna. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Mai tsoro ba ya hangen taku talatin."

Lahadin da ta wuce ce ranarsa ta ƙarshe a aiki. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe tana roƙonsa hutu. An shirya masa liyafa ƙarfe biyar a gindin dutse, da magajin gari, da Fada, limamin cocinmu, da 'yan badujala sanye da hulunansu masu gashin tsuntsu.

Ya gama shan romo ke nan sai ya lura da mace ɗaya zaune a lungu, ta tasa kek ɗin tuffa a gaba ba ta ci ba. Hermine Wondrak ce, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya daga babban birni, shekararta saba'in da tara. Tun gashinta na baƙi take zuwa mana duk hunturu tare da mijinta. Da ya rasu ta ci gaba da zuwa, tana zama a teburinsu. Bara ta faɗi a Kwanar Giciye, aka sauke ta a kwance cikin kwalekwalen da ake jan masu rauni a kan ƙanƙara.

"Hermine, an tashi kasuwa," in ji Kassian. A kan dutse ba ma kiran kowa da sarauta, ko likita ne sunansa ake kira.

"Na ji. Ƙafafuna ne ba su ji ba."

Burgl ta ce, "Ki bari a kira kwalekwale mana, ko a tayar miki da kujerar waya. Minti goma kin isa, kin ga bikin wannan tsohon."

Hermine ta girgiza kai. Ta ce 'yarta Ulrike tana jiranta a ƙasa, kuma da sharaɗi ta kawo ta bana: idan ta sauka da ƙafafunta, to. Idan kuwa aka sauko da ita, ko a kwance ko a zaune, ta yi sallama da dutse ke nan har abada.

"Kuma ba ƙarya take ba, Kassian. Halin ubanta gare ta. In ta faɗi magana ko da gatari ba ka sare ta."

Kassian ya dubi agogon bango, ya dubi tsohuwar. Sai ya jawo kujera ya zauna.

"To cinye kek ɗinki tukuna. Ba na bin bayan mai yunwa."

Tun da ba a barin kowa a bayansa, ni da Burgl muka kulle gida, muka ɗora tukunyar curin burodin liyafa a kan abin ja, muka shiga gaba. A kowace kwana mukan tsaya mu waiwaya. Don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Farkon hanya lafiya lau. Hermine ta haɗe kawunan katakanta kamar 'yar koyo, tana sulalewa a hankali, Kassian yana biye da taku biyar, hannayensa a baya kamar mai kewaya gonarsa. Amma ƙarshen hunturu ne. Ƙanƙarar da ta narke da rana ta sake daskarewa a inuwar daji, ta koma kamar gilashi. Suna isa Kwanar Giciye ta kafe. Daga inda nake ina hango ta, ta ƙura wa kwarin ido.

Sai oba-obar da ke ƙirjinsa ta yi ƙara. Gebhard ne.

"Kassian, kana ina ne? Magajin gari ya karanta jawabinsa sau biyu a zuci, 'yan badujala leɓunansu sun fara manne wa ƙaho!"

"Ina bakin aiki."

"Wane aiki kuma? Kai ɗin nan ko ranar jana'izarka sai ka makara! In turo kwalekwale?"

Hermine ta juyo a firgice. Kassian ya danna abin maganar ya ce, "Babu mai rauni a hanyata. A ba 'yan badujala shayi." Ya kashe ta ɗungurungum.

"Je ka abinka," in ji Hermine. "Bikinka ne. Ni tawa ta ƙare, na sani."

"Ina zan je? In na wuce ki korata za a yi, ga shi saura awa guda in yi ritaya da mutuncina. Daina kallon kwarin nan, ba ya zuwa ko'ina. Kin ga sandar can?"

"Na gan ta."

"Ita kaɗai nake so. Je ki taɓa ta."

Ta daɗe kafin ta motsa. Sannan ta ja jiki, taku goma, ta dafa sandar da hannu biyu kamar ta ga ɗan'uwa.

"Madalla. Ga ƙanwarta can tana jin haushi ba ki gaishe ta ba."

Haka suka yi ta yi, sanda bayan sanda. A ta bakwai katakonta ya zame, ta zube a gefe. Burgl ta dafe ƙirji. Kassian ya miƙa hannu, Hermine ta make shi.

"Kada ka taɓa ni! Ulrike za ta tambaya, ni kuwa ban iya ƙarya ba."

Ya janye hannunsa. Can sai muka ga ya kwanta a ƙanƙara kusa da ita, shi da gwiwar da likita ya hana shi ko durƙuso a coci.

"Kalle ni. Katakai su koma ƙasa da ke, a gicciye. Sandunan hannunki biyu a haɗe, ki kafa su nan kusa da ƙugu. Sai ki tura."

Ta tura sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta miƙe tsaye tana haki. Shi kuwa malamin ya tura, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya sake turawa, ya koma ya zauna daɓas. Tsohuwar nan ta dube shi a ƙasa, dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Kai ne gwanin tseren da ake faɗa? Kama nan, tsoho!"

Ta miƙa masa sandarta, ya kama ya tashi. Daga nan ban ƙara ganin ta kafe ba.

Bakwai saura muka ɓullo daga daji. Na zaci za mu tarar an watse. Ashe ba wanda ya tafi. Gebhard ya gaya musu abin da ake ciki, jama'a suka baro tebura suka jeru a bakin hanya, ba mai tari. Hermine ta sulalo tsakiyarsu ta tsaya cak a gaban 'yarta.

Ulrike ba ta kalli uwar ba, Kassian ta kalla.

"Da kanta ta sauko?"

"Sau ɗaya aka ɗaga mutum a hanyar nan yau," in ji shi, "kuma ni aka ɗaga."

Ulrike ta juya wajen uwarta. Sai ta durƙusa ta kwance wa uwarta katakan, ta saɓa su a kafaɗa, ta ce, "Mama, badi ki sayi hula mai kauri. Wannan ta zama tsumma."

'Yan badujala suka busa, rabin sautin a karkace saboda sanyi, amma ban taɓa jin kiɗan da ya kai shi daɗi ba. Cikin hayaniyar na ji Hermine ta riƙo hannun rigar Kassian tana tambaya, "To badi wa zai biyo bayana?"

"Akwai sabon ma'aikaci," in ji shi. "Badi ni ma ɗan yawo ne. Mu biyu zai bi, kuma sai ya yi haƙuri, don ke kin fi ni sauri."

Kassian, kai ne makiyayin matsorata. Kai ne ka ajiye gudun da Allah ya ba ka, ka ari tafiyar mai rauni, kullum, har gashinka ya yi fari. Dubban mutane sun koma garuruwansu suna cewa sun sauka daga dutse da kansu, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai ba su san akwai wanda ya tsaya a baya cikin sanyi don maganar ta zama gaskiya ba. Yawancinsu ko fuskarka ba su gani ba, don ba su waiwayo ba. A madadinsu, da madadin Burgl, da ni, da duk wanda ya taɓa dafa sandunanka a Kwanar Giciye, mun gode. Allah ya hutar da gwiwarka, ya ba ka hunturu masu yawa.

Ku kuma matasan da kuke wuce mu fuu kamar an harbo ku, ba mu hana ku gudu ba, mu ma mun yi. Amma idan kun tarar da wani ya kafe a hanya, ku rage sauri, ku koma bayansa, ku nuna masa sanda ɗaya kawai.