Gadon da Wada Ya Gina wa Lantana

Wada magini ne a Madarumfa, a unguwar da ke gangarawa bakin tabki, shekaru kaɗan kafin Nasara su shigo ƙasar. Yana gina rumbu, yana ɗaga katanga, amma abin da ya fito da sunansa shi ne gadon ƙasa, irin wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa don mai jego ko tsoho su ji ɗumi lokacin ɗari.

Gadon sauran magina hayaƙinsa a ɗaki yake tsayawa, mai jego tana hawaye, jariri yana tari, har ya lalubi hanya ta jinka. Shi kuwa Wada da ƙuruciyarsa ya yi wa maƙera masu narka tama aikin kwaɓa yumɓu, ya ga yadda suke yin bututu. Sai ya riƙa yin irinsa, ya ɗauko shi daga bayan gado, ya ratsa bango da shi a karkace, bakin ya fita waje nesa da ciyawar rufi. Kowace shekara in an gama kaka, yakan ɗauki dogon kara ya bi gidajen da ya yi wa aiki yana zura shi cikin bututun, don ya san hanyar da ta kwana wata da watanni babu wuta ba ta rasa mai tarewa a ciki.

Matarsa Lantana ba haihuwa ta rasa ba. Tana haifa, amma babu wanda ya kai yaye. Mata a bakin rijiya suna kiranta mai wabi, a gabanta ma, ba da mugunta ba, kamar dai sunanta ne. Da ta sake samun ciki, Wada ya rushe tsohon gadonta tun farkon damina ya gina sabo. Bai taɓa yin mai kyansa ba.

Da kaka ta wuce ya gama zagayen gari, ya zo bayan ɗakinta da karansa. Ya leƙa, sai ya ga zanzaro ya tara gidajensa na laka a cikin bututun, ɗaya bisa ɗaya, har haske ba ya ratsawa. Ya ɗaga kara ke nan Lantana ta riƙe masa hannu.

"Maigida, don Allah bar ta."

"In bar wa? Ƙwaro ne fa."

"Uwa ce. Tun damina nake kallonta tana jido laka daga tabki. Ɗiyanta na ciki, ba su fito ba. Ni da wannan cikin, a rushe ɗakin ɗiyan wata a gidana?"

Wada ya yi dariya, ya ce ashe ya yi baƙuwa ba a gaya masa ba. Amma da ya dubi fuskarta ya ga ba wasa take ba, sai ya sauke karan. Ya lissafa a ransa cewa da sauran lokaci kafin ta sauka. Yana da aikin rumbuna a garin Sarkin Yamma, in ya dawo ya fasa abinsa ba tare da ta gani ba.

Yana can haihuwa ta zo kafin lokacinta. Saƙo ya same shi cewa namiji ne, kuma yana kama nono da ƙarfi. Ya bar rumbu ba rufi ya kamo hanya tun asuba, yana tafe yana zaɓen suna.

Rana ta ɗaga sosai ya shigo gida. Inde ungozoma, tsohuwar da ta karɓi rabin unguwar, tana tsakar gida tana dama kunun kanwa. Ƙofar ɗakin Lantana a rufe take da tufaniya, an ƙara tabarma a kai. Idon Wada ya tafi bakin bututu, bai ga hayaƙi ba.

"Iya, ba ku hura mata wuta ba?"

"Ko barka ba ka karɓa ba sai tambaya? Wuta na nan. Gadon naka da ake ta yabo, jiya hayaƙi ya kusa makantar da mu. Na aika maƙera aka kawo gawayi, shi ba ya hayaƙi. Ta yi wanka, na rufe su su yi barci."

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi. Kai, ina za ka? Namiji a ɗakin jego? Wada, ba ka da kunya?"

Ya riga ya fizge tufaniyar. Ɗakin ɗumi ne lumus, babu hayaƙi ko kaɗan, gawayi ja yana ci a hankali. Lantana tana kwance, ya kira ta ba ta motsa ba. Ya sungumo ta ya fito da ita tsakar gida, Inde ta ɗauko yaron tana salati. Aka yayyafa wa Lantana ruwa, can ta yi amai, ta buɗe ido tana dafe da kai. Yaron, Inde ta hura masa kunne, ta murza tafin ƙafarsa, ta juya shi, daga baya ta lulluɓe shi da zane ta zauna a ƙasa.

Aka binne shi kafin la'asar, ba a raɗa masa suna ba. Mata suka shigo gaisuwa, kowace tana faɗin abu ɗaya: wabi ne, ya zo ya koma kamar 'yan'uwansa, ita ma ya so ya ja ta Allah ya tsare. Inde kanta haka ta ɗauka. A gidan nan kaf Wada ne kaɗai ya san gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ga komai ba, don ya taɓa ganin an fito da maƙeri a sume daga rumfar da aka toshe saboda ruwan sama.

Bayan kwanaki, da ta samu ƙarfin zama, Lantana ta kira shi bakin ƙofa.

"Maigida, wannan lafiyarsa lau fa. Na ji ƙarfinsa a jikina. Me ya same shi?"

Wada ya auna maganar a ransa. In ya yi shiru za ta ci gaba da zargin cikinta, abin da ta saba ɗauka tun da daɗewa. In ya faɗa, za ta tuna hannun da ta riƙe masa, ta ɗauki wani sabon kaya da bai ga yadda za ta iya tashi da shi ba.

"Kwanansa ne ya ƙare," ya ce.

Lantana ba ta sake haihuwa ba. Sun tsufa tare a gidan, ya ci gaba da gini har gwiwa ta hana shi hawa. Shekara da shekaru, duk sanda aka yi suna a unguwa takan dawo ta zauna kusa da shi ta ce ya yafe mata, ta hana shi magaji. Shi kuma yakan ce babu abin yafewa, ya tashi ya fita zaure.