Tabar Kumandan a Gindin Randa

A gidanmu na Gangara, duk abin da ake so ya daɗe shanya shi ake yi. Kuɓewa, yakuwa, ganyen kuka, nama in an samu, har fara in ta sauka mana a gona. An haife ni kafin babbar yunwa, na kuma ga ran da busasshen ganye ya riƙe a cikinta, don haka ban taɓa wasa da shanya ba. Uwata ta koya mini danshi ne ke kashe ajiya, kuma har na yi aure ban ga abin da ya ƙaryata ta ba.

Kamar shekara goma bayan yunwar aka kai ni Tanut. Maigidana kuku ne a bariki, shi ke dafa wa kumandan abinci. Dangina ba su ɗauki aikin a bakin komai ba, namiji da ludayi, amma kowa ya san amfaninsa: muddin yana riƙe da tukunyar Nasara, dogaran bariki da ake kira gardi ba sa sa shi cikin mutanen da suke kwasa aikin dole a hanyar Agadas. Maƙwabtanmu biyu sun je aikin nan. Ɗaya ya dawo da tarin da bai sake shi ba, ɗayan kuwa matarsa ta gaji da jira ta koma gidan ubanta.

Maigida mutum ne marar magana. Sai ka jawo ta daga bakinsa kamar guga daga rijiyar Damargu, ka ja, ka ja, abin da zai fito ba zai cika ƙwarya ba. Wata safiya cikin bazara ya shigo da sauri da ɗan akwatin katako naɗe cikin tsumma. Kumandan zai fita rangadi arewa, da shi za a tafi, kwana ashirin ko fiye. Ya tsuguna ya tura akwatin gindin randa, inda yashi ke da sanyi.

Ya ce, “Na kumandan ne. Ba wanda zan bar wa a bariki. Ki bar shi nan, kada ya lalace.”

Na ce, “Mene ne a ciki?”

Ya ce, “Taba.” Ya ɗauki buzunsa ya fita.

Kwana uku na yi biyayya. Ran na huɗu ina shara na taɓa tsumman, na ji shi da laima. Na buɗe. Taba ce naɗaɗɗiya, kowace kamar babban yatsa a kauri, jere ashirin da huɗu. Daga baya na ji sunanta sigar. Na latsa ɗaya na ji ta da taushi, ga wani wari mai nauyi irin na rumbun da ruwa ya shiga. A gefe har da ɗan ƙyalle jiƙaƙƙe da wani ya cusa da gangan. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata maza dai ba su san ajiya ba, ga shi zai bar fumfuna ta cinye kayan Nasara, ta cinye aikinsa tare. Na jefar da ƙyallen, na shimfiɗa tabarma a kan rumfa, na jera su ɗaya bayan ɗaya yadda nake jera kuɓewa, da tazara, don rana ta samu kowace. Kwana biyu cur na ba su. Har juya su nake yi da azahar, ina jin daɗin kaina.

Ran na uku da shanyar, tsohuwar da ke bayan dangarmu ta shigo aron turmi. Ita ke sayar wa Buzaye tabar tauna da kanwa a kasuwa, tun kafin a haife ni take wannan sana'a. Ta ɗaga kai ta ga rumfa, ta ajiye taɓarya.

Ta ce, “Amarya, mene ne wancan kike toyawa?”

Na faɗa mata, da ɗan alfahari ma. Ta sa na sauko da ɗaya. Ta kai ta kusa da kunne ta murza a hankali, na ji ƙaras-ƙaras daga inda nake tsaye. Ganyen waje ya tsage ya faɗo mata a zane.

Ta ce, “Ƴar nan, kin kashe mijinki da ƙwazo. Taba ba kuɓewa ba ce. Ita da ranta ake ajiye ta.”

Na ruga wajen randa zan yayyafa musu ruwa, ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce in ruwa ya taɓa su yanzu za su kumbura su fashe gaba ɗaya. Wanda ya kwana biyu da ƙishirwa ba a miƙa masa tulu, da kurɓi ake farawa.

Ita ta tsara komai. Muka naɗe su a busasshen ƙyalle, muka sa a sabuwar tukunya ƙarama, muka zaunar da ita cikin babba, tsakaninsu yashi mai danshi, muka rufe da faifai. Ta koya mini auna yashin: in damƙa, in ya dunƙule bai jiƙa mini tafi ba, daidai ne, in ya wargaje, a ƙara ruwa tafi ɗaya, ba biyu ba. Safe da yamma in buɗe, in juya su, na ƙasa su koma sama. In murza ɗaya a kunne, in ɗora ta a leɓena na ƙasa in ji ko ta fara laushi. In kuma duba da kyau ko farin fumfuna ya fito, don in danshi ya yi yawa nan ma an yi asara.

Bazara ce, rijiya ta ja ƙasa. Tulu biyu nake samu bayan na tsaya tun hantsi, yashin nan kuwa ba ya ƙoshi. Na rage wanka, na rage wanki. Ni da ke dariyar matan da ke barin daddawa ta yi laima, sai ga ni tsugune gaban tukunya ina sauraron taba kamar mai jinyar jariri. Tsohuwa kan leƙo ta danga ta ce, “Yaya majinyata?” In ce da sauƙi. Ran da na fara murzawa ban ji ƙara ba, kwana na tara ke nan, kuka na yi sosai.

Goma sha tara suka dawo hayyacinsu. Biyar sun riga sun tsage tun a kan rumfa, ba yadda za a yi da su. Tsohuwa ta ce ta iya naɗe su da ganyen tabar Katsina ta liƙe da ƙaro, amma mai shan abu kullum ba a ruɗinsa da launi, kuma in ya gane, laifin ya zama biyu. Muka bar su yadda suke.

Da maigida ya dawo, ko ruwa ban bari ya gama sha ba na faɗa masa komai. Ban ɓoye rumfa ba, ban ɓoye kwana biyu ba. Ya buɗe tukunya, ya ɗauki ɗaya ya murza a kunne, ya ɗauki wata. Ya dube ni ya ce, “Wa ya koya miki?” Na nuna danga. Ya gyaɗa kai. Ya jera goma sha tara a akwati, biyar ɗin ya miƙa mini ya ce in kai wa tsohuwa ta daka. Ya tafi bariki.

Bai dawo ba. Da la'asar wani gardi ya tsaya a ƙofar gida ya ce in haɗa masa bargo da gari. Kumandan ya ga gurbin biyar ya tambaya, kuku ya ce shi ya sha. An kwana da shi a gidan kaso, da safe aka haɗa shi da masu tafiya hanyar Agadas. Mutumin da ko goro sai an matsa masa, taba kuwa bai taɓa kai ta baki ba, duk unguwa ta sani.

Wata uku ya yi. Ya dawo bayan ruwa ya sauka, ƙafafunsa duk faso, wuyansa kamar na zakaran da aka fige. An riga an ɗauki wani kuku. Muka koma Gangara muka kama noma, a nan muka tsufa.

Ranar da ya dawo, ina gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi, haushi ya hana ni yin shiru. Na ce, “Malam, me ya hana ka faɗi gaskiya? Kuskure ne, ba sata ba. Da ka ce matarka ce ta shanya, ƙila dariya zai yi.”

Ya miƙo mini ɗaya ƙafar. Sannan ya ce, “Da na ce ke ce, cewa zai yi a kawo ki bariki ya gan ki. Kin kuwa san halinsa da matan mutane.”

Na ci gaba da gasa ƙafar har ruwan ya huce, na tashi na ɗumamo wani.