Masakina da Mai Bas

Alhamis: Birni zuwa Gafati

Kiran sallar farko muka bar Birni. Ni ce Gambo mai ƙwarya, wadda ta fi shekara arba'in tana kiɗan masaki a kan ruwa a bukukuwan Damagaram. Jikata Balki ke riƙe da biro, ni ke faɗa. In ta rage mini kalma ɗaya, ni da ita ne.

Malam Habu mawaƙi ya sa ni cikin ƙungiyarsa ne don mata ba sa tashi rawa sai sun ji masaki. Bana sai ya kawo wani Sanusi, ya ce mai bas ne. Na yi murna, na ce mun huta da hayar mota. Ashe bas ɗin wata doguwar garaya ce mai tsirkiya huɗu, wadda ko tari ba ta yi sai an ɗaura mata wutar kuran, wato lantarki.

A bakin mota Habu ya ja ni gefe. "Inna, kiɗanki da na Sanusi murya ɗaya ce, ta ƙasa. Mota ba ta ɗaukar ku biyu da kayanku. Biki uku gare mu, Gafati da Guna da Dakusa. In mun dawo, ɗaya zai zauna gida."

Na ce, "To, ka fara nema masa tabarma."

Kayana uku ne: masakin da na gada wajen uwata, da baho, da bido, wato jarka, cike da ruwa. A kan ruwa ake kifa masaki, iskar da ke ƙarƙashinsa ce ke magana. Kuma kowa ya san ruwa a ƙasarmu. Ba ka zuwa garin mutane ka ce su ba ka na shansu ka kaɗa. Da nawa nake tafiya, in an tashi in mayar da shi bido.

A shingen fita gari jandarma ya ɗauka isansi, wato fetur, na ɓoye a bido. Ya buɗe ya sunsuna. Sanusi ya leƙo ta taga, da baƙin tabarau tun rana ba ta fito ba. "Shef, ka bar kaka. Da ruwa take aiki, kamar kwaɗo."

Na ce, "Kwaɗo ko a daji yana kuka, ɗan nan. Kai fa?"

Jandarma ya yi dariya ya ɗaga igiya.

Da hantsi muna Gafati. Bayan la'asar aka tayar da gurup, injin nan mai ba da wuta. Sanusi ya taɓa tsirkiya ɗaya, awaki suka tsinke igiya. Ni kuwa Habu bai ba ni abin magana na lasifika ba, na yi ta dukan masaki kamar mai daka a mafarki. Aka ba mu tuwon gero da miyar kuka. Maza suka kwana a ajin lakwal, makarantar boko, ni a ɗakin uwar ango.

Juma'a: Guna

Ƙarfe bakwai muka tashi, in ji agogon Ila direba. Ya faɗi kilomita kaza, ni ban ƙirga ba, ƙuguna ne ya ƙirga. A Mirriya muka sha furar dala ashirin ashirin, ruwanta ya fi geronta. Gaba kaɗan mota ta kafe a yashi. Kowa ya sauko turi, har ni. Sanusi ya tsaya a inuwa rungume da bas.

Ila ya ce, "Malam, kawo hannu mana."

"Yatsuna ne jarina."

Na ce, "Allah sarki, amarya. A kawo mata lalle."

Amma gaskiya ɗaya ce, ko a bakin maƙiyi. A Guna ya yi kiɗa. Samari suka tada ƙura, 'yan mata suka bi, babu wanda ya waiwayi bahona. Na ga Habu yana gyaɗa kai. Shinkafa da wake aka kawo, ban iya ci ba. Na tuna ranar da uwata ta miƙa mini masakin nan ta ce kada in bari ya koma na dama fura.

Asabar: Dakusa

Daga Guna sai an komo ta Zinder, Damagaram ɗinmu, a wuce. Mun ratsa gari da hantsi, ina hango duwatsun Birni, ba mu tsaya ba sai da Habu ya sayi isansin gurup a kwalabe wajen wani mai tebur, wai ya fi araha. Da azahar mota ta fara hayaƙi. Na tafi gindin gawo na yi salla. Ina dawowa na tarar da bidona a kife, ko ɗigo babu.

Ila ya sunkuyar da kai. "Inna, mota ta yi zafi. Sanusi ne ya ce a zuba."

Sanusi ya ce, "Ai gara mota ta sha, kaka. Yau ki huta."

Na ɗauki bidona na mayar mota. Wanda bai san darajar ruwa ba, magana ma asara ce a kansa.

Dakusa ta cika. Mata sun yi ado, an shimfiɗa tabarmi, aka ja igiyar gurup. Ya yi tari sau uku, ya mutu. Aka ja, aka sake ja, aka kwance, aka hura. Ashe isansin nan na araha an yi masa haɗi. Sanusi na tsaye rataye da bas, yana taɓa tsirkiya, sauro ma ya fi shi amo. Habu ya buɗe baki ba lasifika, muryarsa ba ta wuce tabarma ta biyu ba. Mata suka fara naɗe zannuwa.

Uwar ango, Hajiya Mariya, ta zo kaina. "Yaya, ke ce Gambo ta Birni? Ke kika yi kiɗan aurena. Yau za ki bar ni da kunya?"

Na nuna mata baho a bushe.

Rijiyarsu da nisa, na sani, kuma ban roƙa ba. Ita ce ta shiga gida ta fito da moɗa cike daga randar amarya, ta juye. Maƙwabciyarta ta kawo tata. Haka suka yi layi, kowace da moɗa ɗaya daga ruwan shan 'ya'yanta, har baho ya kai inda nake so. Na kifa masaki, na karkata shi iska ta ɗan fita, na saukar da hannu.

Dum.

Ba a kunne ake jin masaki ba, a ciki ake jin sa. Hajiya Mariya ta rangaɗa guɗa, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. Habu ya kama waƙa a kan kiɗana, mai kalangun ƙungiyarmu ya biyo. Ba mu tsaya ba sai da liman ya aiko a ce magariba ta yi. Ruwan kuwa na ce a ba dabbobi, ko ɗigo kada a zubar.

Lahadi: gida

Da safe muka kamo hanya. Sanusi ya cire tabarau, ashe idanu gare shi kamar na kowa. Ila ya raɗa mini cewa 'ya'yansa uku, kuma ba shi da wata sana'a.

A ƙofar gidana Habu ya yi gyaran murya. "Inna, maganar nan da muka yi. Sanusi ne zai zauna gida."

Na ce, "Wa ya ce? Shekara nawa nake ɗaukar bido da kaina? A bar mini shi. In da kuran ya kaɗa abinsa, in babu ya zauna kusa da baho ya koyi kiɗa."

Sanusi ya durƙusa. "Na gode, Inna."

"Ka gode wa famfon unguwa. Ga bido, layi na can tun asuba."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa matan Dakusa, kowace da moɗarta. Balki, rubuta cewa sai da azahar ya dawo, da bido a ka.