Rufin da Bai Kai Gidan Ƙanenta Ba

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, muna zaune a unguwar Old Trafford da ke Manchester, maigidana yana aikin asibiti, ni ina renon yara. Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce Kirista, Mama nake ce mata. Tun tana yarinya aka kawo ta Ingila daga wani ƙaramin tsibiri na yankin Karebiyan, ta ƙare ƙuruciyarta tana aiki a gidajen kula da tsofaffi har gwiwoyinta suka gaza.

Wata safiya na same ta a bakin ƙofa, ko ɗankwali babu.

"Mama, lafiya?"

"Guguwa ta cinye garinmu, 'yata. Ƙanena yana da rai, amma rufin gidansa ya tafi teku."

Cocinsu ya tashi tsaye. Aka fara tara tufafi, abincin gwangwani, fitilu da tamfol. Na bi ta muna ninke kaya, da hijabina, ba wanda ya dube ni sau biyu. Sai dai zauren da muke aikin, nan ne kuma ake raba abinci ga mutanen unguwa tun da ƙaramar hukuma ta rufe cibiyarsu. Layin masu karɓa yana wucewa ta gaban kwalayenmu. Ran nan wani magidanci, riƙe da hannun 'yarsa, ya tsaya ya karanta rubutun jikin kwali.

"Ƙetare za ku kai? Mu da ke nan fa?"

Mama ta buɗe kwalin. Ta ciro gwangwanin wake biyu ta sa masa a leda. Ita ma a lokacin ta daina kunna hitar ɗumama ɗaki da rana, don tsadar wuta.

Da cocin ya haɗa masu zuwa aikin gini, aka sa da ita, don ita ta san gari da mutanensa. Ta sayi takalmin roba, ta zo har falona tana gwada mini. Sai wani lauya ɗan cocinsu ya ja ta gefe ya ce kada ta kuskura ta fita. A fasfon mahaifiyarta ta shigo ƙasar, ba ta da takardar kanta, kuma yanzu irinsu ake tambaya hujjar zama. In ta fita, ba lalle a bar ta ta dawo ba. Matar da ta yi wa tsofaffin ƙasar nan wanka da tsarki tsawon rayuwarta.

Aka tafi ba ita. Masu aikin suka fara da rufin cocin garin, don a can jama'a ke fakewa, sannan makaranta. Ban ga laifinsu ba, har yau. Gidajen mutane aka ce sai zuwa na biyu. Ƙanenta ya ci gaba da kwana ƙarƙashin tamfol, ga damina, ga ciwon ƙirji. Kafin kwanon rufin ya iso layinsu ya rasu. A waya ta kalli jana'izar, hoton yana tsayawa yana tafiya.

Bayan wasu watanni aka yi taron godiya a babban cocinsu na Birmingham. Ni na tuƙa ta. Aka haska hotuna a bango: sabon rufi yana ƙyalli, yara da kayan makaranta, matasan Manchester da guduma a hannu. Jama'a na tafi. Sai ga hoton ƙanenta, a ƙofar gidansa, yana murmushi, an miƙa masa katan ɗin ruwa. Mai jawabi ya ce ga irin mutanen da aka ceto. Bai san ya rasu ba, kuma ba wanda ya gaya masa.

Mama ta miƙe, ta dafa kafaɗata, muka fita ana cikin waƙa.

A mota ta daɗe tana kallon titi. Mun kusa fita daga gari ta ce, "Rigar da ke jikinsa ni na ninke ta. Ta yi masa yawa. Da can ba haka jikinsa yake ba."

Ruwa ya tsuge mana a hanya, na rage gudu, muka shiga layin manyan motoci har Manchester.