Jel ɗin da Kawu Ishaya Ya Ajiye Mini

Ku da kuka san Kawu Ishaya, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa gaishe shi ya amsa nan take? Babu! Kana cewa "Ina kwana, Baba," shi hannunsa na cikin aljihu. Sai ya zaro wani ɗan falle mai launi, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa fuskarka ta cikinsa kamar mai duba ƙwai a kasuwa. In bai yi masa ba ya canza wani. Sai ya gamsu tukuna zai ce, "Yauwa, kai ɗan manja ne. Lafiya lau, yaya iyali?"

Don baƙin da suka zo daga nesa, wannan falle shi ne jel, abin da ake maƙalawa a gaban fitila don ta canza launi a wasan kwaikwayo ko wurin ɗaukar fim. Amma kada bakinka ya kuskura ya kira shi leda. Alhaji Sale mai shagon kayan wuta, ga shi can zaune yana murmushi, shi ne ya mai da wannan sana'arsa. Da ya hango Kawu sai ya ɗaga murya: "Ishaya, yaya kasuwar leda?"

"Leda ita ce wadda kake ƙulla wa mutane ƙwan fitilarka na jabu a ciki!" in ji Kawu. Ya juya a fusace, ya rantse ya daina taka layin nan. Washegari za ka same su a benci ɗaya suna shan shayi.

A reluwe ya fara aiki, yana kula da fitilun sigina, ja da kore. Da jirage suka ja baya ya tafi Jos ya zama mai ɗaukar wa 'yan fim fitilu, ya dawo Kafanchan da akwatin ƙarfe cike da jel. An ce kowanne yana da lambarsa ta kamfani. Kawu bai damu da lamba ba, daga kicin ya raɗa musu suna. Akwai manja, akwai zoɓo, akwai ruwan citta, akwai shuɗi mai suna bula. Shi kuwa fari mai dishi-dishi, wanda ba ya ba da launi sai dai ya tausasa haske ya kashe kaifin inuwa, sunansa kunun gyaɗa. Ka ji shi a bayan coci yana ihu, "A rage zoɓo! A ƙara wa Fasto kunun gyaɗa!" baƙo sai ya ɗauka rabon abinci ake yi.

Ni ce Hannatu, ɗiyar ƙanwarsa, kuma duk garin nan ni kaɗai ce bai taɓa ɗaga wa jel ba. Kun ga tabon nan na kuncina na hagu, daga kunne har haɓa. Kaskon ƙosai ne ya kife mini ina rarrafe. Na girma ina ɗaura ɗankwali a karkace don ya rufe shi, ina juya wa mutane ɓangaren dama in za mu yi magana. Ina son wasan kwaikwayo kamar raina, amma a bayan keken ɗinki na ƙare, ina ɗinka wa wasu rigunan mala'iku. Da na ga Kawu yana duba kowa ban da ni, har da mai gyaran taya, sai na yanke wa kaina hukunci: ya ga fuskar nan ta fi ƙarfin gyara. Abin ya daɗe yana cina, ba zan ɓoye muku ba.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Kawu, ni wane launi ce?"

Ya bubbuga wani tsohon kwalin faifan garmaho da kullum yake maƙale a hammatarsa. "Naki na nan ciki. Ranar da kika hau dandamali zan sa miki."

"In gani mana."

"A fitila ake ganin jel, ba a hannu ba. Hau ki gani."

Na ce Allah ya kyauta, na koma kan kekena.

Rowa kuwa, ai Kawu ya kai maƙura. Bayan kowace Kirsimeti sai ya wanke jel ɗinsa da ruwan sabulu, ɗaya bayan ɗaya, ya shanya su a igiya. Maƙalan shanya na katako kawai yake amfani da su, wai na roba narkewa suke a jikin fitila, don haka kullum yana kwashe na matarsa Mama Lami, har ta gaji da saye ta koma danne zannuwanta da dutse. Wata shekara shugaban matasan cocinmu ya nace sai an haska Sarki Hirudus da kore don ya fito a mugu. Kawu ya ce atafau. "Kore a fuskar baƙin mutum? Mugu kake so ko mai ciwon hanta? Tausayinsa za a ji!" Suka yi ta ja-in-ja har gaban dattawan ikkilisiya, ba wanda ya sauko.

Ana cikin haka sai akuyar maƙwabta ta shigo tsakar gida ranar shanya. Ta wuce manja, ta wuce zoɓo, ta miƙe kan ƙafa biyu ta fizgo koren ta hau tauna. Mama Lami ta ɗora hannu a ka, mu duka muka ce yau akuyar nan ta ga ta kanta. Kawu ya tsaya yana kallonta har ta tofar. Sai ya tsinci ragowar, ya sa takalmi, ya tafi har gidan shugaban matasa ya miƙa masa.

"Ga shi. Ko akuya ta san kore na ganye ne."

Sai kuma abin da ya faru a Madakiya, da aka gayyace mu wasan Kirsimeti. Akwai wani bula da ya tsufa har tsakiyarsa ta koɗe ta yi yaushi. Kowa ya ce a yar. Kawu ya ce jel ba ya mutuwa, gajiya kawai yake yi. Ya juya shi sama ya koma ƙasa, ya matsar da shi dab da ƙwan fitila, abin da shi da bakinsa yake hana mu yi. To, Mala'ika Jibra'ilu ya fito, ya buɗe fukafukan da na ɗinka, ya buɗe baki zai yi wa Maryamu albishir, sai ga hayaƙi yana tasowa ta bayansa, shuɗi, yana murɗawa har rufin kwano. Wayyo jama'a! Tsofaffi suka ɓarke da guɗa, wata mama ta zube kan gwiwa tana "Halleluya!" Mu da muke baya muna shaƙar ƙaurin roba, Kawu yana kashe wuta da hularsa.

Bayan an tashi Faston wurin ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Baba Ishaya, ban taɓa ganin irin wannan ba. Don Allah baɗi a maimaita mana."

Kawu ya gyara ƙonanniyar hularsa ya ce, "Fasto, ba kowace shekara mala'ika ke zuwa da hayaƙi ba."

Har ya koma ga Ubangiji bai yarda kuskure ne ba. In ka tayar da zancen sai ya ce, "Mutane sun tuba ko ba su tuba ba?"

Shi kuwa kwalin garmaho, labarinsa ya yi ta yawo yana ƙara kitse. Wasu suka ce jel ɗin ciki ruwan zinariya ne, wasu suka ce wani Bature ne ya ba shi a gadon asibiti. Har wani darakta daga Sabon Tasha ya ji. Ya ɗauki Kawu aiki a fim ɗin da suke yi a wata gonar citta a Kwoi. Rana ta take, fuskar jarumar tana ta ƙyalli, Kawu ya ɗaura babban kunun gyaɗa a firam ya tare mata ranar, nan da nan ta fito sumul. Darakta ya ji daɗi, ya matso.

"Baba, wancan na kwali fa? A sa wa jarumarmu. Zan rubuta sunanka a farkon fim, kafin nawa ma."

"Rubuta shi bayan na mai kawo ruwa."

Jarumar ta langaɓe kai. "Haba Baba, ni ban isa ba?"

Ya leƙa ta ta cikin ruwan citta. "Ke kin samu naki, 'yata. Wannan da mai shi."

Darakta ya hasala ya ce in babu na kwali to babu aiki. Kawu ya nufi firam ɗin. Ya kwance kunun gyaɗarsa, ya naɗe, ya ɗaure akwati a bayan okada, ya bar su da rana tsirara. Ina zaune ina ɗinki ya faɗo shagona, jikinsa duk jar ƙasa, ya ce, "Hannatu, kin ja mini. Yau da na zama tauraro."

Na yi dariya, amma da ya fita sai da na share hawaye. Mutum ya bar aiki saboda alkawarin da ya yi mini, ni kuwa ko niyyar hawa dandamalin ba ni da ita.

Ista ta bara, kun san yadda jikinsa ya koma. Ido ya yi rauni, hannu yana rawa, sai an riƙe masa tsani. Da safiyar wasa naƙuda ta kama Saratu, wadda za ta fito a Maryamu Magadaliya. Aka rasa yadda za a yi. Kowa ya san na haddace wasan kaf, tun da a gabana ake gwaji ina ɗinki, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayata. Sai ga Kawu ya shigo ɗakin kaya da kwalinsa a hammata.

"Hannatu, baɗi ba ni zan kunna fitilar nan ba."

"Kawu, daina wannan magana."

"Ba magana ba ce, sanarwa ce. In yau ba ki hau ba, akuya za ta gaji jel ɗinki."

Na ajiye allurar hannuna. Na ce, "To zan hau. Amma ka sa mini nawa, ka kuma ninka kunun gyaɗa a kai, kada kowa ya ga komai."

"Je ki sa kaya," in ji shi.

Da yamma ne, matan zumuntar coci sun toshe tagogi da zannuwansu don ɗakin ya yi duhu. Na fito gaban kabarin kwali, fitila ta faɗo a kaina. Na ce a raina, jel ɗin Kawu na nan, ba mai ganin tabo. Da wannan na samu murya. Na yi kuka, na yi gudu, na juya hagu na juya dama yadda na ga dama, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Ɗankwalina ya zame ya faɗi ban ko waiwaye shi ba. Da na ɗaga kai na sanar cewa Ubangiji ya tashi daga matattu, cocin nan ya ɗauki guɗa har kwano yana amsawa. Mama Lami tana kuka, shugaban matasa ma yana goge ido da taye.

Ana tashi na ruga wurin fitila, in ga launin da ya yi mini wannan aiki. Na tarar Kawu yana cire maƙalan katako. Ya miƙo mini fallen. Jama'a, fari ne tas kamar gilashin taga! Na ɗaga shi sama, na juya shi, babu ko ɗigon launi. Na duba firam ɗin, babu kunun gyaɗa, ko guda.

"Kawu! Ina launin?"

"Wane launi?"

"Ka yaudare ni! A cikin coci! Ranar Ista!"

"Ni na ce miki akwai launi? Cewa na yi naki ne. Wannan zafi kawai yake tarewa, kada ki yi gumi."

"To ai kowa ya ga tabon!"

"Sun gani mana. Kin ji wanda ya nemi a mayar masa da kuɗin baikon da ya jefa a faranti?"

Na rasa ko in yi dariya ko in rufe shi da duka. Sai ya sassauta murya, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce, "Tun kina goye nake kallon fuskar nan. Na gwada miki manja a zuciyata, na gwada zoɓo, na gwada ruwan citta. Kowanne rage miki yake yi. Me zan ɗaga miki?"

Na fashe da kuka na rungume fallen a ƙirji. Nan take ya dawo Kawun da muka sani. "Ke! Riƙe shi ta gefe! Za ki sa masa shatin yatsa, an ce miki leda ce?"

Bai kai wata Istar ba, kamar yadda ya sanar. Ranar jana'iza Alhaji Sale ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Allah ya jiƙan mai leda." Sai ya share ido da hannun riga, ya ce, "Mai jel. Jel ne, Ishaya, na sani tun farko."

Kun dai ga yadda na ɗaura ɗankwalina yau, a miƙe. Tun ranar nan ban sake karkata shi ba.

Ya Ubangiji, ga bawanka Ishaya nan ya zo. Ka gafarta masa rowarsa da taurin kansa, da hayaƙin Madakiya. In ya tsaya a ƙofa yana laluben aljihu kafin ya amsa gaisuwar mala'iku, a yi haƙuri da shi, haka yake. Ka ba shi hutawa a cikin haskenka, ka dube shi yadda ya dube ni. Amin.