Ranar Da Muka Gwada Shan Mai

Tsohuwar motata ta daɗe tana jigilar albasa daga Aliero zuwa Jega, kuma duk hidimar da ta tashi a gidanmu ita ake nema. Sai ƙanena ya sayo tasa, mai sanyin ciki, da ɗan gilashi gaban sitiyari wanda ke nuna yawan man da take sha. Tawa kuwa allurar mai ta mutu tuntuni, sai na jijjiga motar na saurari tanki.

Duk wanda ya leƙa, sai ƙanena ya nuna masa gilashin ya ce, "Wagga ba ta shan mai, lasa takai." Har Inna, mahaifiyarmu, da ba ta san lita ba, ta shiga faɗa wa maƙwabta. Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar da za mu sunan ɗan ƙanwarmu a Liba, na ce masa, "Mu cika tanki a famfo guda. In mun dawo mu sake cikawa, a ga wadda ta fi sha."

Ya yi dariya. "Yaya, mi ya yi zahi?"

"Gilashi na ƙarya," na ce, "famfo ba ya yi."

Muka cika, muka koma gida ɗaukar mutane. Inna ta fito, ta wuce motata ko kallo babu, ta shige tasa. Ni aka loda wa tukwane da Gwaggo, yayar babanmu.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Ina taka totur kamar mai taka ƙwai, in na ga gangara in zare giya. Kafin Maiyama masu babur duk sun wuce mu. Gwaggo tana fifita da gyale ta ce, "Ɗan nan, da jaki na hau da yanzu na isa." Muka tarar an raɗa suna, har an fara watsewa. Dawowa ma haka na yi ta rarrafe.

Da la'asar na same shi a gidan mai yana jirana. Aka cika tasa, aka cika tawa. Ashe tasa ta fi tawa sha! Na waiwaya ina neman shaida. Inna na kujerar baya tana barci cikin sanyi, baki a buɗe.

"Ma sha Allah, Yaya," in ji ƙanena, har cikin zuciyarsa. "Tsohuwar motarka ta yi ƙoƙari."

Da ya musa, da na fi jin daɗi. Gwaggo ta kwashi takalmanta ta koma motarsa, na ƙarasa gida ni da tukwane.

Na ba matata labari tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko zan roƙar mata ƙanena ya kai ta Birnin Kebbi ranar Asabar.