Ibtisam, Mai Binne Tsokar Tsofaffi

Mudir, kai shugaban asibiti, kai ka yi wannan aika-aika! Ka ɗauke Ibtisam daga ɗakin munzar ka kai ta ninke zannuwa, wai sabon inji ba ya son hannu da yawa.

Jama'a, ku ji ko wace ce. Kullum da hantsi tana tsaye tana wanke munzar, siririn tiyon nan mai fitila a baki da ake zura wa mutum ta maƙogwaro. In ta gama ta fito ta gaishe mu da Hausa, mu matan ƙauye da ciwon ciki ya kawo Sinnar, nan ƙasar Sudan.

Ban raina injin ba. Da idona na ga cikin tumbina a allo, jawur, yana motsi. Injin da kansa ya nemo gyambon, ya miƙa ɗan hantsaki, ya gutsiro tsokar da ba ta kai ƙwayar riɗi ba, kuma a cikinta aka gano cutata. Subhanallahi!

Amma da farko na ƙi. Mu da ke binne gashi da farce da mabiyiya, sai in bar namana a kwandon shara? Likita ya ce rigimar tsufa ce. Ibtisam ta durƙusa ta ce, "Inna, abin da ya rage bayan gwaji ni zan binne."

Na ce, "Ke ɗiyar nan, kin cika zaƙin baki."

Ta ce, "To ki zo ki riƙe mini fartanya."

Na kuwa je, gindin darbejiya bayan asibitin. Ta tona, ta yi bismilla, ta rufe. Ba ni kaɗai ba, ku tambayi matan ƙauyenmu.

Ke ce, Ibtisam, mai buɗe bakin tsofaffi ba da tsawa ba. Allah shi saka miki. 'Yan baya, ku koya.

Makon jiya maƙwabciyata Huseina ta je da aman jini. Ta leƙa ɗakin, ba Ibtisam. Ta ja mayafi ta rufe baki ta koma gida. Yanzu ko kunu ba ya zama cikinta.

Mudir, ko ka maido Ibtisam tun Huseina na iya hawa mota, ko ka zo gidanta da ƙafarka ka gaya wa 'ya'yanta dalili.